Bamar Kakana

Shekara arba'in da ɗoriya ina gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa mu Barebari ne. Hujjata ɗaya ce: a Fakku, garin mahaifina, Gidan Bama ake ce wa gidanmu, ni kuwa na ga Bama a taswirar makaranta, can ƙasar Barno. Mahaifina ya rasu ina goye, na tashi a Tambuwal wurin dangin uwa, babu wanda ya gyara mini. Ko da an gyara ma ba lallai in ji ba, don ni mutum ne mai taurin kai. Da wannan hujjar na addabi Fulanin kasuwa da wasa, ba wanda zai wuce ban ce masa bawana ba.

Asirina ya tonu ne da babban ɗana ya ga yarinya a Dogon Daji. Muka je gaisuwa, kakanta, wani dattijo mai shanu da ya haura tamanin, ya tambayi asalinmu. Na gyara zama na ce Barno. Ya daɗe yana duban fuskata.

"Barebarin da nis sani suna da zane," in ji shi. "Wane gida a Barno? Ba mu ba da ɗiya sai mun san tushe."

Ɗana ya sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na san dattijon bai yi laifi ba.

Washegari na hau babur sai Kebbe, daga nan Fakku, hanyar da ta kusa zazzage mini haƙora. Gwaggona, yayar mahaifina, ita kaɗai ta rage a tsofaffin gidan. Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Da na kawo maganar Barno sai ta yi dariya har da tari.

"Kai ɗan nan, wa yaf faɗa maka? Bamag ga ba ta Barno ba ce. Bama ta yaƙin Turawa, wadda aka zuwa cikin jirgin ruwa. Can anka kai baba."

Ta ba ni labarin tana ɓara tana watsa ɓawo. Kakanta Bafulatani ne, ya ƙetaro Kwara da shanunsa daga yamma, yana gudun aikin tilas na Faransa. Ciwo ya cinye shanun, ya roƙi gona ya zauna, 'ya'yansa suka tashi da Hausa a baki. Da aka ce kowane gari ya ba da mutanen soja, sai aka duba wanda ba shi da mai tsaya masa, aka miƙa ɗan baƙo. Shi ne kakana. Ya dawo bayan shekaru da kunne ɗaya a toshe, ya kama noma, bai ƙara son jin ƙarar bindiga ba ko ta maharba. Mutane suka riƙa cewa gidan mai Bama, har sunan ya gajarce.

Ban ji kunyar asalin ba ko kaɗan, alfahari ma na ji. Kunyata ita ce ta shekarun da na yi ina kiran dangina bayi.

Ran Juma'a na koma Dogon Daji ni kaɗai, na faɗa wa dattijon komai, ban rage ba. Na shirya wa dariya, amma bai yi ba. Ya ce ya karɓa, mu turo manya a sa rana. Har na yunƙura zan tashi ya riƙe mini hannun riga.

"Ubana ma an ɗauke shi zuwa Bama, ina cikin uwata," in ji shi. "Shi bai komo ba. Naku ya taɓa faɗin yadda wurin yake? Ko ana yi ma waɗanda sunka mutu sutura?"

Na koma na zauna. Ban tambayi gwaggo wannan ba, ita ma na tabbata ba ta tambayi ubanta ba. Na ce masa ban sani ba. Ya gyaɗa kai, amma ya daɗe bai saki rigar ba.