Buhu Shida a Bayan Motar Malam

Mutanen unguwarmu a Rano sun sha tsokanar maigidana, Malam, cewa motarsa ta fi ni shan mai. Ba su yi ƙarya ba. Tsohuwar mota ce 'yar Kwatano, doguwa, ya saye ta bayan farar hula sun dawo mulki, yana jigilar fasinja da kaya tsakanin Rano da Kibiya da Kano. Da ita muke ci, ni da shi da 'ya'ya huɗu.

Duk farkon damina sai ya kai ta gareji a ɗora ta kan rami. Da kansa yake shiga ƙarƙashi da buroshin waya ya kankare duk inda tsatsa ta fara ja, ya goge da sanfefa, ya shafa jan fenti, sannan a fesa mata baƙin mai tun daga gaba har baya. Ya dawo gida baƙi ƙirin, ni kuma in yi ta mita a kan wankin rigar. Ranar da kuwa ya ɗauko gishiri ko takin zamani, ba ya cin abinci sai ya ɗage ledar ƙasa ya share, ya wanke, ya bar ƙofofi a buɗe ta bushe. Yakan ce mini taki ba ya kwana a mota, cin ƙarfe yake yi.

Wata Laraba, ana ruwan shuka, ya dawo daga Kibiya da buhu shida na taki don gonarsa ta Zinyau. Ya tsayar da motar a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya shigo yana cewa kansa na sarawa, bari ya yi la'asar tukuna ya sauke. A kan tabarmar sallah ya faɗi. Kafin magariba an rufe masa ido.

Na shiga takaba. Bayan addu'ar bakwai, da gida ya ɗan yi sauƙi, buhunan nan suka faɗo mini a rai. Na aika aka kira yayansa, Alhaji, ya tsaya a zaure, ni ina daga bayan ƙyaure.

Na ce, "Yaya, akwai taki a motar nan. A taimaka a sauke shi."

Ya ce, "Maman yara, kayan marayu ne. Ko allura ba mai taɓawa sai an raba gado, kuma kin san autanmu yana kudu, sai ya dawo. Mukullin ma yana wurina."

"Ai zai ɓata motar, Yaya."

"Ƙarfe ne fa. Me zai same shi?"

Na yi shiru, kuma shirun nan ne yake cina har yau. Ni ba mai raga wa mutum ba ce, duk dangin sun sani. Amma kwana bakwai da rasuwar miji, in ɗaga murya a kan mota? Kafin azahar za a ce idona a kan dukiya yake. Tsoron bakin mutane ya kama ni, wallahi, ba komai ba. Sai na yi abin da nake gani gata ne, na roƙa a samo tamfol a lulluɓe ta ruf don kada ruwa ya dake ta. Aka lulluɓe, aka ɗaure da igiya har ƙasa, ko iska ba ta shiga.

Daminar shekarar ta yi ruwa sosai. Ina ɗaki ina jin yana dukan tamfol ɗin, har in ji sanyi a raina, wai ni na kare wa Malam motarsa. Ina lissafin idan an raba za a bar wa yara ita, a ba wani direba mai amana, tukunyarmu ta ci gaba da hawa murhu. Na fita takaba na tarar ciyawa ta kai gwiwa a kewayenta. Autan bai dawo ba sai bayan an gama kaka da daɗewa.

Ranar da aka kwance igiyar ina tsaye. Wani wari ne ya fara bugo mu, mai shiga ido. Buhunan sun sha raɓa sun narke, takin ya tsiyaye ya bi ƙasan motar ya kwanta. Aka kira mai waldar da Malam yake kai wa aiki, dattijo ne, ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashi. Ina jin yana ƙwanƙwasawa da guduma, ƙarfen ba ya amsawa, sai zubowa yake kamar busasshiyar kuka. Ya daɗe a can, fiye da yadda aikin yake buƙata. Da ya fito bai kalle ni ba.

Ya ce da Alhaji, "Da ƙasan ne kawai, sai in yanke in sa sabon faranti. Tsatsa ta ci har ƙashin bayanta, babu inda walda za ta kama. Wa ya rufe ta haka da taki a ciki?"

Alhaji ya ce haka Allah ya ƙaddara. Ni na ce, "Ni ce." Na faɗa da ƙarfi, na koma cikin gida na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Shekara shida bawan Allahn nan yana kwanciya a rami yana tsare ta, ni na kasa tsare masa ita damina ɗaya.

'Yan gwangwan ne suka saye ta. Da suka ɗaura mata igiya za su ja, kujerar direba ta burma ta faɗo ƙasa, suka ciro ta suka jingine da bango. Soson ya lotsa ta gefen dama, daidai yadda yake karkacewa idan yana tuƙi. Na ce a bar mini ita. Alhaji ya ce sai ya tambayi magada, wato 'ya'yan da na haifa. Suka ce a ba Inna.

Tana ɗakina, kusa da gado. Jikoki suna hawa su yi wasan mota, ba na hana su. Ni dai ban taɓa iya zama a kanta ba.