Ranar da Inna Ta Daina Ce Mini Malama

Lokacin da abin nan ya faru ina amarya, ban daɗe da gama sakandare a Yelwa ba, aka kai ni gidan mijina a wani ƙauye bakin ruwa, wajen Ngaski. Ina salla, ina azumi, amma kaina cike yake da abin da na karanta. Surukata, wadda muke kira Inna, ɗiyar masunta ce, ba ta taɓa shiga aji ba. Ta so ni kamar ita ta haife ni. Malama take ce mini, ko a rafi sai ta yi wa mata alfahari cewa ta samu suruka mai karanta takardar asibiti.

A daminar nan ruwa ya ɗauke bayan shuka, gero ya fara lanƙwashewa. Liman ya sa ranar roƙon ruwa. Maza suka fita fili da tsofaffin riguna, mata suka taru a tsakar gidanmu suna dakan gumbar sadaka. Ni kuwa na ji a rediyo masu hasashen yanayi sun ce hadari na tafe cikin kwana biyu. Da Inna ta miƙo mini taɓarya, sai na ce su daina wahalar da hannuwansu, rana ce ke ɗaga tururi daga tafki ya zama girgije, a roƙa ko kada a roƙa, jibi za a yi ruwa. Wallahi har dariya na yi. Wata tsohuwa ta yi salati, ta tambayi Inna ko wannan ce Malamar tata. Inna ta ci gaba da daka.

Jibin aka tafka ruwa. Maimakon in yi shiru, sai na bi ta rumfar da take banda kifi ina cewa ai na faɗa. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce ita tun kafin rediyona ya yi magana ta sani, don iska ta juya ta fara busowa daga kudu, masu jirage ma sun ja su nesa da gaɓa. Ta ce shekara sittin tana kallon ruwan nan, ta san hanyar da yake biyowa. Sannan ta tambaye ni, tunda na san ƙarfe nawa jirgin mijina ke isowa daga kasuwa, me ya sa nake yi masa sannu da zuwa, nake gode masa in ya miƙo mini cefane?

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na durƙusa cikin hayaƙin nan na roƙe ta gafara, na yi istigfari. Ta ce ta yafe, kuma na san ta yafe ɗin, don ita ta yi mini wankan jego har sau uku. Amma har ta koma ga Allah, sunana kawai take kira.

Har yau ina sauraron hasashen yanayi, kuma abin da aka koya mana gaskiya ne. Abin da na kasa ganewa a lokacin shi ne, sanin yadda ruwa ke sauka bai gaya mini wanda ya tsara masa hanyar ba. 'Yan'uwana mata da kuka yi boko, ku riƙe iliminku, amma ku kula da bakinku a gaban tsofaffi. Yanzu duk ranar roƙon ruwa ni nake fara ɗaukar taɓarya, sai dai mai ce mini Malama ba ta nan.