Makullin Ɗakin Darma

Me ya sa ni ya ba makullin, ni da ban san ko alif ba, alhali yana da ƙannai maza uku? Har yau ina kuka ina tambayar kaina.

Maigidana maƙeri ne a Safana. Wata shekara masu binciken ƙasar noma suka zo daga jami'a da wani abu da bai kai ƙwallon dabino ba. Suka ce yana fitar da zafin da ido ba ya gani, mai ƙona jini. Shi suka ɗauka ya shirya masu ɗakin aiki. Ya zuba darma ya yi wa abin akwati mai kauri, ya lulluɓe teburin da ƙarfe don kada a bar tsaga, ya ƙera awartaki mai tsawon hannu biyu, ya ja jan layi a ƙasa. Ba a cin goro a ciki. Furar da nake kai mashi ma a gindin bishiyar bedi yake shan ta, bayan ya wanke hannu.

Da 'yan bindiga suka matsa, masu binciken suka gudu, suka bar akwatin a ɗakin, suka bar mashi makullin. Harsashi ya yi wuya, 'yan sintiri suka tuna da darmar akwatin, da za a narka a yi harsashi. Wani ƙaninsa ne ya jawo su.

"Yaya, ana kashe mu, kai kana gadin akwatin 'yan boko?"

"In kun fasa shi, abin da ke ciki zai cinye ku da 'ya'yanku."

"To malamin jami'a! Da maƙera ka yi digirin?"

Suka yi dariya. A kasuwa aka fara cewa da ɓarayin daji yake, aka daina kawo mashi gyaran garma. Sai ya ce zai je Katsina ya faɗa wa masu kayan su zo su ɗauke abinsu. A hanya aka tare motar. Bai dawo ba.

Ina cikin takaba ƙanin ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Matar yaya, kawo makullin. Jininsa za mu rama."

Na ce, "Ka rama da darmar wani. Wannan sai ka tsallake gawata." Kullum da hantsi nake shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin, makullin na ɗaure a zanena, har ranar da mutanen jami'a suka zo da motarsu suka ɗauke akwatin a rufe. Dangin mijina ba sa gaishe ni har yanzu. Su riƙe gaisuwarsu. 'Ya'yansu dai suna nan da ƙafafunsu.

Ranar da maigidana zai tafi Katsina, ƙafarsa ɗaya a kan motar a-kori-kura, ya danƙa mani makullin ya ce:

"Ko ƙanina ne, kada ki ba shi. Ki rage mani tuwo, da la'asar zan dawo."