Ranar da Na Koyi Girgiza Finjali

Ban taɓa mantawa da ranar da Gwaggo Hauwa ta fara aike na ni kaɗai a Al Ras, tsohuwar unguwar 'yan kasuwa a Dubai, ba. Ina ba ku labarin ne, ku ƙannena da za ku je zaman shagonta a bayana, don kada abin da ya same ni ya same ku.

Bayan na gama sakandare a Kano, sai ya zamana zan jira shekara guda kafin in shiga jami'a. Gwaggo, ƙanwar babana, ta ce maimakon in zauna ina kallon bango, a turo ni Dubai in taya ta aiki. Shagonta ƙarami ne, tana haɗa wa matan Kano da Kaduna kayan turaren wuta da humra. Ga yadda aikin yake: mai saye ta bugo waya daga gida ta faɗi abin da take so, Gwaggo ta zagaya wajen manyan 'yan kasuwa ta zaɓo, ni in zuba a leda in liƙe, sannan a kai ofishin kago, masu aika kaya Najeriya. A can akwai Bulus, mutumin Kafanchan, shugaban masu ɗaure kaya. Duk ranar Alhamis bayan la'asar yake rufe kwalin ƙarshe. Abin da bai shiga ba sai wani makon.

Matsalata ɗaya ce, kunya. Da baƙo ya shigo shago, sai in ga kwalaben turare na buƙatar gogewa. Na san kwalbar da murfinta ya tsage, na san Hajiyar da ke taɓa ɗankunnenta in farashi bai yi mata ba, amma ko "sannu da zuwa" ba na iya ce wa baƙo.

Wata Alhamis bayan azahar, shago ya cika da baƙi, Gwaggo ta juyo ta ce, "Safiyya, yau ke za ki je wajen Ammi Khalfan. Icen sandal da miski, ya san irin nawa. Ki karɓa ki wuce da su wajen Bulus."

"Gwaggo, ni kaɗai?"

"A'a, ke da inuwarki. Yalla, maza! In kika kasa wannan, khalas, shi ke nan, ki koma gida International City ki riƙa tuƙa mana tuwo har ranar tafiyarki. Ban kawo ki Dubai don goge kwalba ba."

Da dariya ta faɗa, amma na ga ta ɗaga gira ɗaya. In Gwaggo ta ɗaga girar nan, magana ta zauna. Ni kuwa ina son shagon, ba na son zaman gidan sama ni da tukunya.

Ammi Khalfan dattijon Balarabe ne mai farin gemu, rumfarsa cike da buhunan kirfa da kanumfari da busasshen lemo. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi da Larabcin Islamiyya. Ya yi sauri ya jawo mini kujera yana cewa, "Kano! Lafiya lau, lafiya lau!" Iyakar Hausarsa ke nan.

Ya ɗauko butar gahawa mai dogon baki, ya tsiyaya mini a ɗan finjali, ko rabi bai kai ba. Ya turo dabino. Na shanye, na miƙa masa finjalin da hannu biyu. Ya sake tsiyayawa.

To, kun dai san tarbiyyar gidanmu. In babba ya miƙo miki abu, ba kya cewa a'a. Kuma ba kya fara kawo buƙatarki sai ya ce, "Me ke tafe da ke?" Saboda haka na shanye, na sunkuyar da kai, ina jiran tambaya. Tambaya ba ta zo ba, gahawa ce ta zo. In sha, in miƙa, ya zuba. Yana murmushi, ina murmushi. Har na daina ƙirgawa.

Aka kira sallar la'asar. Ammi ya girgiza butar ya ji wayam, ya dube ni da mamaki, ya ɗora sabuwa, ya ja hannun rigarsa ya tafi masallacin da ke kusa. Na yi tawa sallar a lungun rumfar, ina idarwa wayata ta yi ta rawa a jaka. Bulus ne. Kafin in ɗauka dattijo ya dawo, ya ɗauki buta. Ta yaya zan amsa waya babba na tsaye yana yi mini hidima? Na fara hango tukunyar tuwo.

Ana haka sai ga Alhaji Sani, wani ɗan kasuwar Kano da ke yawan zuwa shagonmu. Shi ma aka zuba masa. Ya kurɓe, amma kafin ya miƙa finjalin, sai na ga ya ɗan girgiza shi tsakanin yatsunsa, dama da hagu. Nan take Ammi ya ajiye buta, suka shiga maganar kaya. Sai na tuna na taɓa ganin Gwaggo ta yi haka, na zaci guntun gahawa take kakkaɓewa.

Da aka sake zuba mini, na shanye, na ɗaga finjalin na girgiza.

Ammi ya dire butar, ya ɗaga hannu sama. "Alhamdulillah! Khalas, ya binti?" Wato, kin gama, 'yata?

Alhaji Sani ya dube mu, suka yi 'yar magana da Larabci, sai ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. "'Yar gidan Hauwa, ke ce kika ƙarar wa tsoho da buta? A wajensu abin kunya ne a tambayi baƙo buƙatarsa bai gama shan gahawa ba. In ba ki girgiza ba, cewa kike a ƙaro. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin mai son gahawarsa kamarki ba!"

Ban san daga ina muryar ta fito ba, sai na ji ina haɗa guntun Larabcina da Hausa. "Ammi, sandal da miski na Gwaggo Hauwa, kago zai rufe!" Har mai rumfar da ke kallonmu ya leƙo. Dattijo ya sunkuya ƙarƙashin teburinsa ya jawo ƙunshi. Ashe tun da safe Gwaggo ta yi masa waya, kayan na ɗaure a kusa da ƙafata duk zaman nan.

Na rungumi ƙunshin na ratsa lungunan Al Ras, ina kauce wa masu turin amalanke. Na tarar da Bulus zaune a kan kwalin Gwaggo, salatif a hannunsa, direba na ta danna masa oda.

"Ƙanwata, na gaya wa direba ba na tashi daga kan kwalin nan sai kin zo. Me ya riƙe ki?"

"Gahawa," na ce. Daga nan bakina ya ɓalle. Na ba su labarin tun daga farko, har da kwaikwayon yadda Ammi ya leƙa cikin butar. Masu ɗaure kaya suka bar aiki suna dariya. Bulus ya liƙe kwalin ya ce, "Yau na fara jin muryarki. Ashe rediyo Hajiya ta ajiye a shago ba mu sani ba."

Da na koma shago na ba ta labari, Gwaggo ta yi dariya har da hawaye. Da ta share ido ta ce, "Gobe ke za ki buɗe shago." Ba ta sake maganar tuwo ba.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a kowane mutum da irin ladabinsa yake zuwa kasuwa. Ni ina girmama dattijo da shiru, shi yana girmama ni da buta, kowa na jiran ɗan'uwansa, kaya na kwance a tsakaninmu. Ku riƙa kallon hannun mutane, ba bakinsu kawai ba, in kuma ba ku gane ba ku tambaya.

Ranar da zan dawo Kano na je yi wa Ammi sallama. Ya zuba mini, na sha ɗaya na girgiza. Ya ɓata fuska kamar na yi masa laifi, sannan ya wanke finjalin, ya naɗe a takarda, ya sa mini a jaka.