Kunyar Suruki Ta Kusa Cinye Mini Ƙoda

Jikokina masu shirin rabon tukwanena, ku dakata. Shirun da na yi tun ƙarshen damina jinya ce, ban tafi ba tukuna.

Ƙafa ce ta fara kumbura, har takalmi ya ƙi ni. Sai fitsari mai kumfa kamar an kaɗa sabulu. A lopital, asibiti ke nan, aka ce tansiyo, wato hawan jini, ya taɓa mini ƙoda. Na tsorata ƙwarai.

Mijin 'yata Hadiza a labo yake aiki, ɗakin gwaje-gwajen lopital. Ya aiko ta da 'yar kwalba, wai kowace safiya in kawo fitsari da ɗuminsa, kada ya huce.

Ni kuwa na ɗauka duba ni ake yi. Kullum ina bisa kabu-kabu daga Zango, kwalba a ƙunshe cikin zane kamar mai satar turare. Har randebuna da likita, ranar da ya sa mini in koma, na bari, tunda ga na gida yana kula da ni.

Kun san mu. Surukin da ko sunansa ba na faɗa, ta yaya zan tare shi da zancen fitsarina? Shi ma uffan bai ce ba, sai gaisuwa a tsugune.

Ran da numfashi ya gagare ni aka ba ni gado. Wata likita ta tambayi inda na ɓuya. Da na ba ta labari sai ta ce, "Inna, wannan bincike ne, ba magani ba." Wai ƙoda tana zubar da 'yan ƙwayoyinta masu rai cikin fitsari, su surukina su tace su, su rene su kamar 'yan tsaki don nazari. Ta ce da na ƙara jinkiri, sai wankin ƙoda.

Binciken bai dame ni ba. Da an tambaye ni, da bokiti zan kai. Abin da ya ci mini rai, surukin nan ya san ba zan iya tambayarsa ba. Hadiza ta ce wai kunya ya ji. Kunyar ba ta hana shi karɓar kwalba ba.

Yanzu kumburi ya sace, alhamdu lillahi. Ba gishiri, ba kanwa, miya salam, amma ina tafiya da ƙafata. Allah ya saka wa likitar nan da duk masu dubiya.

In an miƙo muku kwalba, ku tambaya: ta magani ce ko ta bincike? Kuma kada ku bar randebu don kuna da wani a ciki.

Surukin kuwa buhun shinkafa ya aiko jiya. Na ce Hadiza ta mayar masa, in haƙuri yake ba ni, ya zo ya faɗa da bakinsa.