Totur Mai Tauri a Hanyar Naraguta

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, kuma wallahi ko yanzu da nake rubutawa sai da na waiwaya bayana. Na san waɗanda suka san ni za su ce ai wane ne, in ya ga ƙadangare sai ya rantse kada ya gani. To na yarda ina ƙara gishiri a zance, amma wannan karon ko ƙwaya ban zuba ba.

A Jos ne, lokacin sojoji suna shirin miƙa mulki ga farar hula, ni kuma ina ɗan saurayi mai rawar kai, ina koyon gyaran babur a garejin ƙanin mahaifiyata, Kawu Sale, a Kwararafa. Garejin ba wani abu ba ne, rumfar kwano ce da benci mai ƙafa uku da rabi, sai mu yara biyu, ni da wani Pam, wanda aikinsa na gaskiya shi ne yi min dariya. In ka tambayi Kawu zai ce maka ba gyara na zo koyo ba, ɓarna na zo yi wa digiri. A satin nan ma na hau babur ɗin wani mai kawo gyara na shige cikin tiren tumatirin wata mata, har na fito jajir kamar an soya ni da manja. Ranar Kawu ya ja kunnena ya ce in na ƙara ɓata aiki ɗaya, ko da noti ne, zai sa ni a mota in koma ƙauye kiwon shanun Baba. Ni kuwa da na saba da silima da burodi mai zafi, in ka ce min ƙauye kamar ka nuna min kabari ne.

Ana cikin haka sai ga Malam Garba tela, wani dattijo marar yawan magana, ya turo wani ƙaton babur baƙi, irin na Ingila tun zamanin Turawan kuza, mai tanki kamar tulun ruwa da jakunkunan fata biyu a gefe da doguwar kujera ta mutum biyu. Ya ce gadon yayansa ne, wanda ya sha zuwa Kano da Maiduguri a kansa. Damuwarsa totur. Ya yi tauri, sai ka sa ƙarfin da za ka murɗe wuyan bijimi kafin ya motsa, kuma makanikai uku sun taɓa shi sun haƙura. Kawu yana shirin tafiya sunan ɗan abokinsa a Kabong, sai ya dube ni ya ce ga jarrabawata nan, kafin ya dawo da la'asar ya tarar da totur yana komawa da kansa, in ba haka ba in fara haɗa kayana.

Pam ya ce, "Oga, ka saya masa sanda tun yanzu. Shanu ba su da totur."

Na zage na kama aiki. Na kwance sukurori biyun da suka riƙe hannun totur, na zare shi, na tarar da tsohon giris ya daskare ya zama kamar ƙanzon tuwo. Na wanke da fetur, na goge tsatsar ƙarfen da samfefa har ya yi sheƙi. Na cire kebul ɗin na rataye shi a ƙusa, na ɗaure leda a bakinsa na zuba baƙin mai, kamar yadda Kawu ya koya mana, na zauna ina gadi har man ya tsiyayo ta ƙasa. Na buɗe kan kafireta na wanke, na duba sifirin ɗin lafiyarsa lau. Har tanki sai da na ɗaga, na ga inda kebul ɗin yake lanƙwashewa a ƙarƙashi, na miƙe masa hanya. Da na mayar da komai na murɗa na saki, sai ji kake ƙas, ya koma da kansa. Na yi ta murɗawa ina saki a gaban hancin Pam har ya ce in bar shi haka kada in haifa masa ciwon kai.

Amma dokar garejinmu ita ce gyara bai zama gyara ba sai an gwada a titi. Na buga kik, babur ya ɗauka da wani gurnani da ya sa kajin unguwa suka yi hijira. Ina hawa na ji bayan babur ya ɗan nutse ƙasa, fiye da yadda ya kamata ga mutum irina da iska mai ƙarfi za ta iya kai shi Bauchi. Na ce tsufa ne. Ina fita titi kuwa totur ya dawo da taurinsa, kamar ban taɓa shi ba.

Hankalina ya tashi, don shanun Baba kawai nake gani suna min murmushi. Na ce bari in nemi doguwar hanya in ba shi wuta, ko man bai gama shiga ba ne, sai na miƙi hanyar Naraguta. An yi ruwa da hantsi ya ɗauke, rana ta fito fes, sanyin nan na Jos yana kaɗa kunne. Rana tsaka fa, jama'a, mutane na ta harkokinsu, har na wuce wasu mata da kwandunan kabeji.

Da na fara hango tafkunan da masu haƙar kuza suka bari, sai na ji wani abu ya sauka a kan hannuna na dama. Ba iska ba ce. Hannu ne, yatsu ne, masu sanyi kamar an ciro su daga randa, suka rufe nawa suka fara mayar da totur baya a hankali. Na dubi hannuna ban ga komai ba sai fatata da ta lotsa wuri huɗu. Na yi ƙoƙarin murɗawa gaba, kamar ina kokawa da dutse. Addu'ar da ta zo bakina kuwa ta cin abinci ce, ita na yi ta maimaitawa.

Babur ya rage gudu ya rage, har ya tsaya cak a bakin wata 'yar hanyar ƙafa da ta gangara wani tafki mai ruwa kore. Sai aka dafa kafaɗata, irin dafawar da mutum yake yi in zai sauka daga bayanka. Na ji nauyi ya koma gefe ɗaya, sifirin ɗin baya ya yi ƙara, bayan babur ya ɗago sama. Ina kallo ciyawar hanyar nan tana kwanciya tana tashi, taki bayan taki, har bakin ruwa. Ruwan ko motsi bai yi ba.

Yadda na juya babur ɗin nan ban sani ba har yau. Abin da na sani shi ne totur ya zama laushi kamar man shanu, da ɗan yatsa ma sai ka murɗa shi, kuma na iso Kwararafa kafin inuwata.

Na tarar da Kawu ya dawo da wuri, Malam Garba na zaune a benci. Kawu ya murɗa totur ya saki, ya hau ya zaga unguwa ya dawo yana washe baki, ya ce ashe akwai ƙwaƙwalwa a cikin wannan ƙoƙon kan, ƙauye ya yi asarar makiyayi. Ni ban iya ko murmushi ba, Pam yana tambayata ko zazzaɓi ne ya kama ni.

Malam Garba ya tashi. Bai taɓa totur ɗin ba. Bayan babur ya je, ya danna kujerar da tafin hannu ya saki, ya tsaya yana kallonta, sannan ya ja ni gefe ya rage murya.

"Ɗana, a ina ya sauka?"

Wallahi ban gaya wa kowa komai ba tukuna. Na ce a Naraguta, bakin tafki. Na tambaye shi ko yayansa ne.

Ya girgiza kai. "Yayana a gadonsa ya cika, a Zariya. Shi ma da wannan fasinjan a kai ya sayi babur ɗin."

Na ce to wane ne? Ya ce bai sani ba, kuma bai taɓa son ya sani ba, shi dai tun da ya karɓi babur yake jin numfashi a ƙeyarsa, ya rasa wanda zai gaya wa a yarda. Ya yi wa Kawu godiya, ya buɗe jakar fatar nan ya ciro igiya, ya ɗauki wani tsohon galan a garejinmu ya ɗaure shi tamau a kujerar baya kafin ya hau. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce wanda ya sauka ai yana iya son komawa.

Ban koma ƙauye ba. Sunana ma ya zaga Kwararafa a matsayin yaron da ya gyara abin da ya gagari manya, ana ta kawo min totur, ni kuwa ina gyarawa ina tura Pam gwaji.

Ban san abin da na kai Naraguta ranar ba, ban san tun yaushe yake jiran wanda zai bi da shi ta wurin ba. Shawarata gare ku ita ce, in tafiya ta kama ku ta wajen tafkunan nan a kan babur, kada ku bar kujerar baya fanko. Ku ɗaura buhu, ku ɗaura galan, ko ku ɗauki wani ɗan'uwa mai surutu. In kuma kun ji bayan babur ya nutse alhali ba ku ɗauki kowa ba, to kada ku waiwaya, ku yi Bismillah ku tsaya duk inda aka tsayar da ku.