Likitarmu Mai Cewa A Tsaya Tukuna

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talatar da ta gabata da hantsi Allah Ya karɓi ranki, Likita, a ɗakin gaggawar da kika ƙarar da ƙuruciyarki a cikinsa. Ni ce nas ɗin da kike kira Sarkin Gardama, kuma yau gardamar na zo yi a madadinki.

A bayan idonki Tsaya Tukuna muke ce miki. Duk wanda aka kawo baki a karkace, hannu a sake, kafin wani ya ce shanyewar ɓarin jiki ce kin riga kin ce, "Tsaya tukuna, a soki yatsa." Na'urar gwajin suga ba ta barin aljihun rigarki. Wasu sun kira abin taurin kai, ba ki taɓa tanka musu ba.

Ban manta tsohon telan nan ba. An shigo da shi magana ta ɗauke, 'ya'yansa har sun fara buga waya ana koke-koke. Kika soki yatsarsa, ashe suga ne ya faɗi, ya sha maganinsa bai karya ba. Aka sa masa ruwan suga, can sai ya buɗe ido ya ce, "Wa kuka bar wa shagon?" Kika ce, "Baba, shago na nan, kai muke nema." Idan kuwa ciwon na gaske ne, ke da kanki kike tura gadon zuwa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, kina yi mana faɗa kan jinkiri.

Ranar da kika faɗi a bakin ƙofar ɗakin magani, ni na zaro na'urar daga aljihunki. Na soki yatsarki ina roƙon Allah Ya sa suga ne. Sugan lafiya lau. Naki ciwon shanyewar ɓarin jiki ne na gaske, kuma raina ya ƙuna ƙwarai.

Yanzu ana ta ƙus-ƙus wai ciwon da kike musunsa shi ya ɗauke ki. Ƙarya ne, ba ki taɓa musunsa ba, gaggawar yanke hukunci kika ƙi. Sabon shugaban sashe kuma ya ce a mayar da na'urar ɗakin gwaje-gwaje, jini ya riƙa bin layi. To, a ji ni da kyau: wanda suga ya kayar ba ya jiran layi. Na'urar tana aljihuna, mai so ya zo ya ciro ta. Telan nan da ƙafarsa ya tako gidanki ya yi wa mijinki gaisuwa, a je a tambaye shi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa kowace yatsa da kika soka ta yi miki shaida. Ya ba maigidanki da 'ya'yanki haƙuri, mu kuma Ya ƙara mana irin taurin kanki. Amin.